Ina Za Ta Haihu? Darasi A Kan Abin Da Ke Wuyan Miji Kafin Naƙuda

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya sanya cikin uwa ya zama masaukin farko na kowane ɗan Adam. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa a kan wata tambaya ce da yawancin magidanta ba sa yi wa kansu sai dare ya raba, mace tana kan gwiwa, tsofaffi sun fara kallon juna: ina za a kai ta? Mutum zai sayi ragon suna tun ciki yana wata shida, ya ɗaure shi yana ba shi dusa da harawa. Zai tara itacen wanka, ya yi cinikin goro da dabino, har ya zaɓi sunan da za a raɗa. Amma wurin da mace za ta sauka, da wanda zai karɓi haihuwar, da motar da za ta ɗauke ta idan abu ya ƙi, duk wannan an bar shi ga "in lokaci ya yi". Alhali kuwa yankan rago abu ne mustahabbi na rana ta bakwai, kiyaye rai kuma wajibi ne, yana cikin abubuwa biyar da malaman usulu suka ce shari'a ta zo domin ta tsare su.

Matsayin mai ciki a wurin malamanmu

Mu fara da Imamu Malik, Allah ya yi masa rahama. A cikin Muwaɗɗa, a littafin wasiyya, ya haɗa mutum uku a babi ɗaya: mai ciki, da majinyaci, da wanda ya shiga sahun yaƙi. Abin da ya bayyana shi ne, farkon ciki bushara ce da farin ciki, ba cuta ba ce. Amma idan ciki ya yi nauyi, wata shida suka shuɗe, to hukuncin mace ya zama irin na mai ciwon da ake jin tsoron mutuwarsa: ba ta da ikon kyautar da fiye da sulusin dukiyarta har sai ta sauka. Ku dubi wannan da kyau. Imamun Madina, tun ƙarni na biyu na hijira, ya tsayar da matarka mai tsohon ciki kafaɗa da kafaɗa da mayaƙin da ke fuskantar abokan gaba. Shin akwai mai hankalin da zai tura ɗan'uwansa fagen fama ba garkuwa, ba guzuri, ba wanda zai ɗauko shi in ya faɗi?

Ƙididdiga ta zamani ba ta saɓa wa fahimtar Imamu Malik ba. Binciken ƙasa na lafiyar iyali da aka yi a Nijar a shekarar 2006 ya nuna mata 648 ke rasuwa a kowace haihuwa 100,000. Na shekarar 2012 ya nuna 535, kuma a lokacin kimanin kashi 30 cikin 100 ne kawai na haihuwa ake yi a asibiti. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2020 ya sauko zuwa 441. An samu sauƙi, alhamdu lillahi, amma mu da ke sallar gawa mun san cewa kowace ɗaya daga cikin waɗannan tana barin marayu, wani lokaci da jinjirin da ba ya daɗewa yake bin ta.

A nan wani zai ce: ai Malam, wadda ta mutu wurin haihuwa shahida ce. Gaskiya ne, hadisin yana cikin Muwaɗɗa daga Jabir ɗan Atik (R.A.), kuma muna fatan wannan daraja ga duk ƴar'uwarmu da ta tafi ta wannan hanya. Sai dai a karanta hadisin gaba ɗaya. A cikinsa an ambaci wanda ruwa ya ci, da wanda gobara ta ƙona, da wanda gini ya danne. Ko akwai wanda zai ga ɗansa ya faɗa rijiya, ya naɗe hannu ya ce a bar shi ya samu shahada? Darajar shahada ta wadda ta mutu ce. Shi kuwa wanda ya yi sakaci yana da iko, hisabinsa dabam ne, shahadarta ba ta wanke shi.

Haka nan maganar tawakkali. Nana Maryamu, amincin Allah ya tabbata a gare ta, lokacin da naƙuda ta kai ta gindin dabino, tana cikin mafi raunin halin da mace ke shiga, an umurce ta da ta girgiza kututturen domin ƴaƴan su zubo, kamar yadda ya zo a Suratu Maryam. Allah mai iko ne ya zubo mata da su ba tare da ta motsa ba. Malaman tafsiri sun ɗauki hujjar riƙo da sababi daga wannan wuri, kuma abin lura ne cewa darasin ya zo a kan gwiwar haihuwa.

Wa zai biya, kuma wa zai ba da izini?

Ɗaliban da suka karanta Muhtasar na Shehu Halil sun san cewa a babin ciyarwa, inda ya lissafa abin da ke wajaba a kan miji, bayan ruwa da mai da itace da gishiri da tabarma, ya ambaci ladan ungozoma. Masu sharhi, daga cikinsu akwai Shehu Dardiri, sun ƙara da cewa wannan yana kansa ko da ya saki matar, tare da abin da al'ada ta gudana a kansa na abincin da ke mayar wa mai jego ƙarfinta. Ke nan neman wanda ya iya karɓar haihuwa ba alfarma ba ce da miji ke yi in ya ga dama, kuma ba nauyin iyayen mace ba ne. Bashi ne a kansa kamar hatsin gida.

Na san abin da wasu ɗalibai za su kawo. Za su ce a wannan babin dai Shehu Halil ya cire magani da ƙaho daga abin da ke kan miji. Haka ne. Amma a cikin mazhaba an ruwaito daga Ibnu Abdil Hakam cewa kuɗin likita da magani suna kan miji, kuma daga malaman wannan zamani Shehu Wahbatu Zuhaili ya rinjayar da haka, domin magani a yau ya zama buƙata kamar ci da sha. Ban da wannan ma, haihuwa ba ciwo ba ne da ya faɗo wa mace daga sama. Aure ne sababinsa, ɗan kuma da sunan uban za a kira shi. Ungozoma a zamanin Shehu Halil ita ce iyakar abin da ake da shi. A zamaninmu, abin da ke tsaye a matsayinta shi ne ma'aikaciyar da ta koyi aikin, da ɗakin da ke da kayan aiki, da hanyar isa gare su.

Sai maganar izini, wadda ta fi kuɗi cin rayuka a ƙasarmu. Da yawa daga mazajen Muniyo, da an gama girbi sai su tafi cin rani, wani Agadas, wani Libiya, wani Najeriya. Naƙuda ta taso, ta yi tsawo, uwar miji ta ce ba ta da ikon fitar da matar wani, wan miji ya ce a jira a same shi ta salula, layin kuma ya ƙi shiga. Ya ƴan'uwa, malamai ba su yi saɓani ba cewa mace tana fita ba da izini ba idan gida ya kama da wuta ko yana shirin rushewa. Zubar jini bayan haihuwa ya fi gobarar ɗaki gaggawa. Duk da haka, tun da mun san halin mutanenmu, abin da ya dace shi ne miji ya ba da izini tun da wuri, da bakinsa, a gaban mahaifiyarsa da wani namiji baligi na gidan: idan naƙuda ta zo a kai ta wuri kaza, idan suka ce a wuce gaba a wuce, idan suka ce aiki za a yi na yarda. Ya bar kuɗin mota a hannun wanda ya amince da shi. Wanda ya yi haka ya tafi neman halaliyarsa da kwanciyar rai.

Wannan ba sabon kira ba ne a jiharmu. A jihar Damagaram ne aka fara abin da ake kira makarantar mazaje a shekarar 2008, da taimakon asusun Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawan al'umma, domin an gane cewa mabuɗin ƙofar asibiti yana aljihun maigida. Daga nan abin ya bazu zuwa sauran jihohi har da wasu ƙasashe. Abin kunya ne a ce sai baƙi sun tuna mana abin da ke rubuce a cikin littafin da muke karantawa a zaure.

Da me ake auna wuri?

Yanzu mu zo ga zaɓin kansa. Mutane kan zaɓi wurin haihuwa saboda kusanci, ko saboda ƴar'uwa tana aiki a can, ko saboda an ce ba a yi wa mutane tsawa, ko saboda ginin sabo ne. Waɗannan duka suna da nasu wuri, amma ba su ne ma'auni ba. Yawancin haihuwa lafiya ake yin ta, ko a ina ne. Masana sun ƙiyasta cewa kimanin mata 15 cikin 100 ne ke gamuwa da matsalar da ke buƙatar taimakon gaggawa, kuma sau da yawa ba a sanin wace ce a cikinsu sai abin ya auku. Saboda haka tambayar da za ka yi game da kowane wuri ita ce: idan jini ya ɓalle, ko ɗa ya ƙi fitowa, ko jijjiga ta kama ta, me wannan wuri zai iya yi, kuma awa nawa ne tsakaninsa da inda ake tiyata?

Dalilin ƙidayar awowi shi ne, kowace matsala tana da wa'adinta. Zubar jini bayan haihuwa yana iya kashe mace lafiyayya cikin awa 2. Idan mahaifa ta fashe, kwana guda ne. Jijjiga kan kai kwana 2, naƙudar da ta toshe kuma kwana 3, amma kafin nan ɗan ya riga ya mutu a ciki. Ga kuma abin da ke faruwa ga wadda ta tsira: kan jariri yana danne naman da ke tsakanin mafitsara da farji a jikin ƙashin ƙugu, jini ya daina kaiwa wurin, naman ya mutu, bayan ƴan kwanaki ya zube ya bar kafa. Wannan shi ne yoyon fitsari. Ba maita ba ce, ba jifa ba ne, ba alhakin zina ba ne kamar yadda jahilai ke raɗawa. Doguwar naƙuda ce da aka zauna ana kallo. Ana ɗinke shi a Damagaram da Yamai, da kuma Danja kusa da Maraɗi inda aka buɗe cibiya ta musamman a 2012. Mijin da ya jinkirta kai mace asibiti har ta samu wannan lalura, sannan ya kore ta saboda wari, ya haɗa zalunci biyu.

Tsarin lafiya na ƙasarmu hawa-hawa ne. A ƙasa akwai ɗakin shan magani na ƙauye, wanda ma'aikaci guda ke riƙe da shi. Sama da shi akwai CSI, inda ake awon ciki, ake karɓar haihuwar da ta zo daidai, ake ba da maganin tsayar da jini da na jijjiga, amma ba a tiyata. Sannan asibitin gunduma, kamar namu na nan Gure, wanda shi ne matakin da aka tsara domin tiyatar fitar da ɗa da ƙarin jini. Abin da ya fi ƙarfinsa sai a tura Damagaram, inda akwai asibitin uwa da yaro da babban asibitin ƙasa, tafiyar fiye da kilomita 160 a kan kwalta. Mutumin da ke cikin garin Gure ko Gidigir a bakin hanya, lissafinsa dabam ne da na wanda ke can cikin tuddan rairayi a ƙasar Kelle, ko Bune, ko Gamu, ko Alakos, balle makiyayin da ke wajen Tasker. Wanda amalanke zai yi wa awa 3 kafin ya ga CSI, ba shi da damar jiran naƙuda ta fara kafin ya yi shawara.

Kada kuma a dogara ga suna kawai. Wuri yana iya zama da ɗakin tiyata alhali mai yin ta ya yi tafiya, ko jini ya ƙare, ko motar asibiti tana gareji. Saboda haka idan ciki ya shiga wata na takwas, miji ya taka da ƙafarsa ya sami shugaban CSI, wanda muke ce wa manjo, ya tambaye shi cikin ladabi: akwai mai kwana da dare? Akwai mace mai karɓar haihuwa? Idan an tura mu gaba, wace mota ce, kuma wa ke sayen mai? Ya karɓi lambar wayarsa da ta direba. Wannan tafiya ba ta cin rabin wuni. Mun ga masu yin kwana biyu a hanya domin duba raƙumin da za su saya a kasuwa.

Akwai matan da tun farko bai kamata a tsaya da su ko a CSI ba, sai dai kusa da inda ake tiyata. Wadda aka taɓa yi wa aiki a haihuwar baya, domin tabon mahaifa yana iya buɗewa. Wadda aka ɗinke wa yoyon fitsari. Mai tagwaye, da wadda ɗanta ya kwanta a gicciye ko ya zo da ƙafa. Wadda ta ga jini tana da ciki, ko awo ya nuna hawan jini, ko fuskarta da hannuwanta suka kumbura tare da ciwon kai da gani dishi-dishi. Wadda ta haihu fiye da sau biyar, domin mahaifar da ta gaji ba ta saurin tsukewa, a nan jini ke samun hanya. Wannan ta ƙarshe ita ce aka fi sakaci da ita, ana cewa ta saba. Duk waɗannan a wurin awon ciki ake gane su, shi ya sa awo shi ne ƙofar zaɓi. A da ana cewa sau 4, a shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shi sau 8. A can ake ba da maganin ƙarin jini, da rigakafin zazzaɓin cizon sauro, da allurar sandarewar jarirai, a rubuta kome a karne. Karnen nan ya zauna tare da kayan haihuwa, kada a bar shi a ƙasan akwati.

Sai mai cikin fari, kuma a kanta nake so in tsaya. Al'adarmu ta goyon ciki kyakkyawa ce a asalinta: yarinya ta koma gaban mahaifiyarta ta haihu, a kula da ita, ta yi wanka. Amma ku duba yadda abin ke kasancewa. Mace mafi haɗari a gidan, wadda sau da yawa ba ta kai shekara 18 ba, ƙugunta bai gama buɗewa ba, ita ce ake ɗauka daga gari inda asibiti yake a kai ta ƙauyen da ba hanya. Ga kuma kunyar ɗan fari: an koya mata cewa jarumtaka ita ce ta yi shiru, kada a ji ko nishinta. Sai ta kwana tana naƙuda ita kaɗai a ɗaki, uwar kuma tana kawaici domin ɗiyar fari ce. Kunya tana daga imani, babu shakka, amma Uwar Muminai A'isha (R.A.) ta yaba wa matan Ansar saboda kunya ba ta hana su tambayar abin da ya shafi addininsu da jikinsu ba. Shirun da ke kai rai kabari ba shi ne kunyar da aka yaba ba. Shawarata ita ce a juya al'adar ba tare da an karya ta ba: idan gidan iyaye yana nesa da asibiti, uwar ta zo wurin ɗiyar, ko su biyun su sauka gidan dangi a Gure tun farkon wata na tara. Bayan an sauka lafiya sai a tafi wankan a ƙauye. Mu kuma mutanen gari, saukar da irin waɗannan baƙi yana cikin mafi girman haƙƙin zumunci, ko da ɗaki ɗaya ne da tabarma.

Idan likita namiji ne fa?

Wannan ce tambayar da ta fi zuwa mana, kuma kishin da ke bayanta abin yabo ne. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yi zama a kanta a ƙasar Burunai a shekarar 1993, ta jera matakai: a fara neman likita mace Musulma, in babu sai mace amintacciya ko ba Musulma ba ce, in babu sai namiji Musulmi, in babu sai wanda ba Musulmi ba. Sharaɗi shi ne kada ya duba sai gwargwadon buƙata, kuma kada a keɓe, a samu miji ko muharrami ko wata mace amintacciya a wurin. Imamul Buhari ma ya ƙulla babi a kan jinyar namiji ga mace da mace ga namiji, ya kawo hadisin Rubayyi'u ɗiyar Mu'awwizu (R.A.) game da matan da ke hidimar mayaƙa. Ke nan miji yana da haƙƙin ya fifita wurin da mace ke karɓar haihuwa, wannan yana cikin abin da zai tambaya tun da wuri. Abin da ba shi da haƙƙi a kai shi ne ya ɗauke mace tana zubar da jini ya mayar da ita gida saboda wanda ke aiki a daren namiji ne. Suturta al'aura wajibi ne, kiyaye rai wajibi ne mafi girma, kuma idan biyu suka yi karo ana gabatar da mafi girma.

Ina kuma tambayar masu wannan kishi: ina ƴaƴanku mata? Ungozomar asibiti ba daga sama take faɗowa ba. Ɗiyar wani ce da ubanta ya bar ta ta yi karatu har ta shiga makarantar koyon aikin lafiya irin ta Damagaram. Ibnu Haldun a cikin Muƙaddima ya keɓe wa sana'ar karɓar haihuwa fasali guda, ya lissafa ta cikin sana'o'i masu daraja tare da likitanci da rubutu. Farilla ce ta kifaya. Garin da ya hana dukan ƴaƴansa mata koyon ta, sannan ya yi kukan maza na duba matansa, shi ya ɗaure kansa.

Game da tiyata, har yanzu akwai masu ganin ta kamar gazawa ce ga mace, ko katsalandan ga ikon Allah. Malaman mazhabarmu sun tattauna tsaga cikin matar da ta rasu domin a ceto ɗan da ke motsi, kuma Imamu Sahnunu ya halatta idan ana sa ran rayuwarsa. Waɗanda suka hana, sun hana ne domin a zamaninsu ba a cika samun ɗan da rai ba. To ina ga yau, da ake fitar da ɗa, uwa ta tashi ta shayar da shi? Haka ƙarin jini: halal ne a bayar, sadaka ce mai girma, abin da aka hana shi ne sayar da shi. Tun da sau da yawa dangi ake nema su bayar, miji ya san tun da wuri mutum biyu ko uku masu lafiya da za su bi shi.

Wani zai ce talauci. Ba mu raina wannan ba. Amma a sani cewa tun ƙarshen shekarar 2005, zamanin Shugaba Tanja Mamadu, gwamnati ta ɗauke kuɗin tiyatar haihuwa a asibitocinta, a 2006 ta ƙara da awon ciki da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5. A watan Agusta na 2024 kuma aka sanar da rage kuɗin asibitin gwamnati da rabi, da mayar da haihuwa kyauta. Gaskiya ne jinkirin biyan asibitoci ya sha sanya magani yankewa, har a rubuta wa mutum ya sayo a waje, ga kuɗin mai, ga abincin masu jinya. Saboda haka a yi tanadi. Wanda ya ajiye dala ashirin kullum daga ranar da ciki ya bayyana, kafin wata na tara ya tara abin da zai kai shi Gure ya komo. Idan zaɓi ya zama tsakanin babban rago da kuɗin mota, a sayi ƙaramin rago. Kuma ina ba kwamitocin masallatanmu shawara, musamman na ƙauyuka, su buɗe asusu na musamman domin man motar mai naƙuda, a san wanda ke riƙe da shi da wanda za a tayar ko da tsakar dare ne.

Kada a ɗauka zuwa asibiti wahalar banza ce. Daga 2015 zuwa 2020 an gudanar da wani shiri a asibitocin Nijar domin yaƙi da zubar jini bayan haihuwa, ta hanyar ƙwayoyin da ke tsuke mahaifa, da wata ƴar jaka da ake hurawa a cikinta ta danne jijiyoyin, da wata riga mai matse ƙafafu da ciki har a isa babban asibiti. Sakamakon da aka wallafa a 2023 ya nuna mutuwar mata ta wannan hanya a asibitoci ta ragu da kimanin kashi 70 cikin 100. Kaya ne masu araha, amma ba sa amfanar wadda ke kwance a ɗakin uwar mijinta.

Ba mu ce a yi watsi da addu'a ba, Allah ya kiyaye. A yi addu'a, a yi tofi, wanda ya saba da rubutun sha bisa fatawar malaman da suka halatta ya sha. Amma a sha shi a kan hanya. Malamin da aka zo wa da labarin naƙudar da ta wuce awa 12, ya ba da allo ya ce a koma a jira, ya ji tsoron Allah. Mafi muni shi ne allurar naƙuda da ake saya wurin masu tallar magani a kasuwa, a yi wa mace a gida: idan hanya a toshe take, ƙarfin allurar mahaifa yake fasawa. Haka yankan gishiri, wanda ba ya buɗe ƙashi, sai dai ya huda mafitsara. Ungozomominmu na gargajiya iyayenmu ne, da hannunsu aka karɓi yawancinmu. Mafi alherin aikinsu a yau shi ne su rako mace asibiti da wuri, su zauna kusa da ita.

Kalma guda ga ƴan'uwanmu ma'aikatan lafiya. Mata da yawa ba tsoron allura ke hana su zuwa ba, tsoron wulaƙanci ne. Macen da aka yi wa tsawa tana kan gwiwa, ko aka bar ta tsirara ƙofa a buɗe, ko aka raina ta domin ba ta jin Faransanci, ba za ta komo ba, kuma za ta hana maƙwabtanta goma. Mun san kuna aiki da ƙarancin kaya da yawan jama'a, wani lokaci da fitilar salula. Allah ya saka muku. Amma labule da tattausan harshe ba sa jiran kasafin kuɗi daga Yamai.

Abu na ƙarshe, idan an sauka lafiya kada a yi gaggawar komawa gida saboda ƴan barka. Masana sun ce mai jego ta zauna aƙalla awa 24 a ƙarƙashin kulawa, domin a wannan lokaci ne jini ya fi ɓallewa. Idan an koma gida kuma aka ga jini yana jiƙa zane, ko zazzaɓi mai zafi, ko wari, ko ciwon kai mai tsanani, a koma nan take, kada a ce sai an yi suna. Bambanci tsakanin wannan jini na cuta da jinin biƙi na al'ada, da hukuncin salla da azumi a cikinsa, da iyakar kwana 60 da mazhabarmu ta sanya, shi ne darasinmu na fitowa mai zuwa in Allah ya yarda. Wallahu a'alamu.